Mai Riƙe da Wutsiyar Zaki

Leung Kam-fai ya ƙarar da ƙuruciyarsa a duƙe. A rawar zakin da ƙungiyar Sinawan unguwarsu ta Liverpool ke yi duk sabuwar shekara, mutum biyu ke shiga rigar zaki. Na gaba ya riƙe kai, yana kaɗa kunnuwa, yana ƙifta idanu, jama'a na tafa masa. Na baya kuwa ya sunkuya ya kama ɗamarar na gaba, ba abin da yake gani sai jiƙaƙƙiyar kwalta. Kam-fai shi ne na baya. Shi ke ɗaga Kwok Siu-tong ya tsayar a kan cinyoyinsa idan zaki zai miƙe ya cafko latas ɗin da masu shaguna ke ratayewa a bakin ƙofa don neman sa'ar shekara.

Bai taɓa ƙorafi ba. Malami ɗaya ya koyar da su tun suna samari, Siu-tong ne ya riga shi shiga, don haka Yaya yake ce masa. Buri ɗaya gare shi: ranar da gwiwoyin Siu-tong suka gaza, a miƙa kan zakin ga 'yarsa Suk-yin, wadda ta tashi a cikin kiɗan nan, kuma duk samarin ƙungiyar babu mai tsallenta. A keɓe ya faɗa wa Siu-tong wannan magana, shi kuwa ya ce zai duba.

A wajen liyafar da ƙungiyar ke yi lokacin kaka ya duba ɗin. An cika tebura, an ci agwagwa an sha giya, Siu-tong ya miƙe ya ce rawar sabuwar shekara mai zuwa ce ta ƙarshe gare shi, daga nan ɗan ƙanwarsa zai gaje shi.

"Kam-fai ya zo yana roƙona in ba 'yarsa kai," ya ce yana murmushi. "Na ce masa, ƙanena, yaushe mace ta fara ɗaukar kan zaki? Kuma ku gidanku ai gidan wutsiya ne. Mutumin da ya tsufa yana shaƙar bayana, me ya sani game da gaba?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Kam-fai ya ga 'yarsa ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali, ta ƙura wa faranti ido. Sai ya tashi, ya cika kofinsa, ya ɗaga da hannu biyu.

"Gaskiyar Yaya ce," ya ce. "A sha don lafiyar Yaya."

Tun daga ranar bai fasa zuwa gwaji ko sau ɗaya ba. Yana kama ɗamarar Siu-tong, yana ɗaga shi, yana sauke shi a hankali kamar ƙwai. Amma a ɗakin ajiyar ƙungiya akwai wani tsohon baƙin zaki da aka yasar, beraye sun cinye masa gemu. Kam-fai ya ɗauke shi ya kai bayan shagonsa na soyayyen kifi da dankali. Da rana, idan ciniki ya lafa, sai ya zauna da gora da takarda da gam yana ɗinke shi. Da ya gama ya kira Suk-yin.

"Ɗauki kan nan."

"Baba, Kawu Siu-tong ya sani?"

"Ɗauki kawai."

Duk hunturun nan suna gwaji tsakanin buhunan dankali. Ƙawayen Suk-yin suka karɓi ganga da kuge. Shi kuma Kam-fai ya bi shagunan titin ɗaya bayan ɗaya, ba wajen mazan ba, wajen matansu, waɗanda ya lura ba su yi dariya a liyafar ba, yana roƙon su karɓi baƙin zakin ranar biki. Ba wadda ta tsegunta wa mijinta.

Ranar bikin aka tashi da yayyafi, amma titin ya cika maƙil. An rataye jajayen fitilu, ga magajin gari da laimarsa, ga masu ɗaukar hoto. Siu-tong ya sha sabon wandon zaki mai ruwan zinariya, sai kai da kawo yake yana ba da umarni. Kam-fai ya jira har aka buga gangar farko, har Siu-tong ya ɗaga kan zakin ya ce, "Shigo mu tafi."

"Yau dai bayana ya gaji, Yaya. Nemi wani ya shaƙi naka."

Siu-tong ya leƙo ta bakin zakin. "Kana hauka ne? Ga magajin gari can tsaye."

"Na gan shi."

Kam-fai ya juya ya ratsa jama'a ya tafi abinsa. Ba yadda Siu-tong ya iya, ya tura ɗan ƙanwarsa cikin wutsiya, mutumin da bai taɓa ɗaga kowa ba. A ƙananan shaguna sun lallaɓa. Da suka iso babban gidan abincin da ke tsakiyar titi, inda aka rataye latas can sama kusa da tagar bene, Siu-tong ya yi tsalle kamar yadda ya saba, yana jiran cinyoyin da ba su taɓa kuskure masa ba. Bai same su ba. Suka zube tare a kan kwalta, kan zakin ya gangara cikin kwata.

A lokacin ne wata ganga ta tashi daga ƙarshen titi. Jama'a suka dare, baƙin zaki ya taho yana taku ɗai-ɗai. A al'ada, idan zaki biyu suka haɗu, kowanne kan sunkuyar da kai don girmama ɗan'uwansa. Suk-yin ta fara sunkuyarwa. Kam-fai ya damƙi ɗamararta ya cilla ta sama, ya tsayar da ita a kan cinyoyinsa daidai saman Siu-tong da ke zaune a ƙasa riƙe da ƙugu. Ta cafko latas ɗin. Zakin ya tauna, ya fesar, ganyen ya sauka a kan wandon zinariya. Matan shaguna suka ɗauki tafi, sauran jama'a suka bi, yawancinsu ma sun ɗauka duk cikin wasan ne.

A ƙarƙashin rigar, gumi na shiga idon Kam-fai, amma daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba. Suka bi titin har ƙarshe, ba ƙofar da suka tsallake.

Da suka koma shago, Suk-yin ta ajiye kan zakin a kan tebur, ta daɗe tana kallon mahaifinta.

"An tafi da Kawu Siu-tong asibiti, Baba. Ƙugunsa ne."

"Na ji."

"Don ni ka yi wannan, ko don shi?"

Kam-fai ya kunna wutar tukunyar mai. "Don shi," ya ce. "Ke dama ko ba jima ko ba daɗe sai kin ɗauki kai. Shi kuwa rawar nan kaɗai ta rage masa."

Washegari Suk-yin ta sayi lemo za ta tafi duba Siu-tong, ta ce wa mahaifinta ya zo su tafi tare, ya ce yana da kifin da zai gyara.

Siu-tong ya warke, amma da sanda yake tafiya. Ƙungiyar ta rabu biyu, dattawa suka yi ta zirga-zirgar sulhu har suka gaji. Yanzu zaki biyu ke fita duk shekara, ɗaya daga wannan bakin titi, ɗaya daga wancan, an kuma tsara yadda ba za su haɗu ba. Suk-yin ta samu wata ƙawarta ta riƙe mata wutsiya, ta ce wa mahaifinta ya huta haka nan. Shi kuwa yakan fito da kujera ƙofar shagonsa ranar biki, ya zauna da shayinsa, idan an tambaye shi labarin Siu-tong ya ce bai san wani mai wannan suna ba.