Tsaunin da ke Bayan Baba Tsang

Ranar Talata ce, ruwan Vancouver yana ta tsiyaya tun safe, Baba Tsang ya tuɓe rigarsa a tsakiyar kicin ɗina ya juya mini baya.

"Duba fili," in ji shi. "Ba a taɓa noma shi ba."

Shi ne maƙwabcinmu na ƙasa tun ina rarrafe. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gasa agwagi a wani shago a Chinatown, unguwar 'yan China, ya bar aikin amma ƙanshin bai bar shi ba. A kan teburina ya shimfiɗa shafin wata tsohuwar kalanda, zanen mutanen da, baƙar tawada zalla. Tsauni ya tokare sama, kogi a gindinsa, siririyar gada, sai wani ɗan mutum da bai fi ƙwayar shinkafa ba yana shirin hayewa. Shi yake so in yi masa jarfarsa, daga kafaɗa har ƙugu.

Na gaya masa gaskiya. Allurata ba ta taɓa hawa komai ba sai fatar roba da cinyata. Na bar makaranta, na bar wankin mota, na bar kai abinci gidaje, jarfar ma bara na fara koyo. Ya ce ya sani, ai a kansa nake zirga-zirga, shi ya sa yake kirana Ƙaiƙayi. Manyan shagunan jarfa sun ƙi shi, wai fatarsa ta zama ɓawon albasa.

"To me ya hana ka tun kana saurayi, Baba?"

"Fatar ba tawa ba ce. Aron uwata ce."

Haka aka rene su: gashi da fata na iyaye ne, ɗa na gari ba ya ɓata su. Ya ce zai jira. Tsohuwar kuwa ta ƙi tafiya sai da ta doshi ɗari. Makon da ya wuce muka binne ta.

"Da gangan ta yi," ya ce yana dariya, idonsa taf da ƙwalla.

Muka fara daga ƙolin tsaunin. Duk mako zai hau bene da kunun shinkafa a kwano, ya kwanta rub da ciki a kan teburin cin abinci, yana mini gorin cewa agwagwa ma ya fi tausaya mata. Fatar ba ta ɗaukar gaggawa. In na danna sai ta yi jini, dole na koyi tafiyar hawainiya. Ni da ban taɓa zama wuri ɗaya har shayi ya huce ba, sai ga ni ina wuni a kan reshen bishiya guda.

Mun sauko tsakiyar baya ke nan 'yarsa Loretta ta ga jini a rigarsa. Ta hau sama ba sallama. Ta ce ko na san jarfa ta 'yan daba ce a wurin danginsu? Wannan bai dame ni ba. Sai ta ce ko na san ciwon da ke hantarsa, da abin da likita ya ce, cewa da wuya ya wuce bazara? Ban sani ba. Na ga yana ramewa, na ɗauka makoki ne.

Na naɗe injin jarfata na tura ƙarƙashin gado. Da ya buga waya na ƙi ɗauka.

Ran nan na ji shi a kan matakala, taki ɗaya, hutu, taki ɗaya. Da ya iso bai iya magana ba sai da ya jingina da bango.

"Ƙaiƙayi. Ni ma makaranta ce da za ka bari?"

"Baba, zan iya kashe ka."

"Akwai mai wannan aikin, ya riga ka karɓar kwangila. Kai naka ka yi."

Loretta tana tsaye a ƙasan benen tana jin mu. Ba ta ce ta yarda ba. Washegari dai ta zo da safar hannu da maganin goge fata, ta ja kujera ta zauna a wajen kansa. Daga nan ita ke cewa ya isa, kuma in ta ce ya isa, ya isa.

Kogin muka kama. Bayan yana ƙanƙancewa a ƙarƙashin hannuna, ƙasusuwa suna fitowa, har tsaunin ya fi na kalandar kama da tsauni. Ya daina hawa bene, ni na koma sauka. Ya daina kwanciya rub da ciki, sai a gefe, da matashi a ƙirji.

Zaman ƙarshe, Loretta ta ce ɗan lokaci kaɗan za ta ba ni. Saura rabin kogi, saura gada, saura mutumin. Na ce gada zan ja, layi ne miƙaƙƙe, zan gama da wuri. Ya girgiza kai a kan matashin.

"Sa mutumin."

"A kan me zai taka?"

"Sa shi dai. Tsauni ba kowa, wa zai kalle shi?"

Na sa shi a ƙasan haƙarƙari na hagu. Kai, malafa, sanda. Na ɗaga allurar. Loretta ta ɗauki hoto da waya ta kai masa fuska, ta buɗa da yatsu har ɗan mutumin ya cika gilashin. Ya daɗe yana kallo.

"Ya yi ƙiba," ya ce.

"Agwagwa yake ci," in ji Loretta.

Dariyar ta sa shi tari, ta riƙe masa kai har ya lafa. Ya ce in tafi in ci abinci, na yi kama da sandar mutumin.

Ran Lahadi da hantsi Baba Tsang ya cika, taga a buɗe, ana jin yara suna ƙwallo a layi.

An sa masa kwat da riga mai wuya. 'Yan'uwan uwarsa tsofaffi suka zagaye akwatin gawar suna yaba shi, ɗa mai biyayya har ƙarshe. Loretta ta gyara masa wuyan rigar, ta ɗan ja shi sama, ba ta kalle ni ba.

Abin da aka rufe a ramin ran nan: maƙwabci ɗaya, tsauni ɗaya, bishiyoyi uku, rabin kogi, da ɗan mutum mai malafa tsaye a bakin ruwa.