Motar Baba a Gindin Bishiya

Ƙarfe biyu na rana Auta ta ga wani jan tabo mai nuna hadari a allon kwamfuta. Shekararta uku a ofishin hasashen yanayi, ba ta taɓa ganin hadari ya haɗu da sauri haka ba.

"Oga, zo ka gani."

Shugaban sashen ya leƙo, kofin shayi a hannu. "Ƙanƙara ce, manya kamar ƙwan kaza. Ga iska mai yaye rufi. Ba za a kai ƙarfe huɗu ba. Aika wa gidan rediyo."

Ta aika. Sai ta tuna da motar Baba.

Tsohuwar mota ce, amma kullum sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa. A ƙofar gida yake ajiye ta, gindin wata bishiya da gara ta cinye wa ciki. Baba kuwa bai yarda da aikin Auta ba. Tun ranar da ta ce za a yi ruwa, ya fasa tafiya, aka wuni rana ƙwal, ya yanke hukunci: duk abin da ta faɗa, akasinsa za a yi.

Ta kira shi.

"Baba, ina wuni? Motar na waje?"

"Tana inda take. Yau me injin naku ya ce?"

Ta dubi tabon. Ya ƙara faɗi.

"Garau, Baba. Ko ɗigo ba za a yi ba."

"Ke kika duba da kanki?"

"Ni da kaina."

"To, mun shiga uku. Ummansu! Miƙo min makulli, ki kwashe shanyarki. Malamar sama ta ce ba ruwa!"

Oga ya kurɓi shayinsa. "Ni dai ban ji komai ba."

Huɗu saura kwata aka fara. Ƙanƙara ta yi ta dukan kwanon ofis har mutum ba ya jin na kusa da shi.

Da yamma ta iso gida. Rabin bishiyar na kwance daidai inda motar ke kwana. Motar kuma tana garejin maƙwabci, ko ƙwarzane babu. Baba na tsaye ya goya hannu, bakinsa har kunne.

"Ko ɗigo, ko? Ni da ban yi karatun sama ba, ga shi na ceci motata. Ki gaida injin."

"Zai ji, Baba."

A kicin Umma ta miƙa mata tawul, ta rage murya.

"Na ji sanarwarku a rediyo tun biyu da rabi. Ƙanƙara da iska kuka ce."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba faɗa zan yi ba," in ji Umma. "Jibi nake so ya kai ni gidan yayarki. Ki ce masa ruwa za a yi a ranar."