Ƙashin da Ba Ya Ɗoruwa

A ƙasar Gwandu, in ƙafa ta karye ko hannu ya goce, gidan Ɗalha maɗori ake nufa a Maruda. Wurin mahaifinsa ya gaji ɗori, har furfura ta cika masa gemu yana yi.

'Yarsa Mufida, wadda ke karatu a jami'ar Kalgo, ta zo hutu. Ran nan da hantsi ta sunkuya za ta kwance saniya daga turke, saniyar ta kaɗa kai, gindin ƙaho ya same ta ƙarƙashin idon hagu. Kafin azahar idon ya kumbura ya rufe ruf. Ɗalha ya lalubi goshi da kunci, bai ji inda ƙashi ya motsa ba, ya ce buguwa ce kawai. Ya yi ta gasa mata da ruwan ɗumi yana shafa man shanu.

Da kumburi ya sace, sai idon ya fito a lotse, kamar an tura shi ciki. Kuncinta ya mutu, ko an tsungule ta ba ta ji. Ta ɗago ta dube shi, idon dama ya tashi, na hagu ya tsaya cak.

"Baba, biyu nika ganin ka," in ji ta.

Ya kai ta asibiti a Gwandu, suka hana ta fyace hanci, suka tura su babban asibiti a ɗauki hoto. Suka sauka Kalgo gidan ƙaninsa Sirajuddeen, daga nan suke zuwa ganin likita.

Likitan ya ɗaga hoton ya nuna wa Ɗalha. Ya ce ƙashin da ido ke zaune a kansa bai fi ɓawon ƙwai kauri ba, shi ne ya fashe ya datse naman da ke juya idon. Za a yi aiki a zaro naman a toshe ramin, amma an makara, ba zai yi alkawarin komai ba.

Ɗalha ya ƙura wa hoton ido, bai ga wurin da mutum zai sa kara ya ɗaure ba. Ya ce a ransa, ko gashin ruwan ɗumin da ya yi mata ne ya ɓata abin?

Aka yi aikin. Idon ya dawo mazauninsa, yana motsi kaɗan. Amma da Mufida ta buɗe littafi a tsakar gidan Sirajuddeen, layukan suka hau juna. Ta rufe idon da gefen mayafi ta karanta shafi ɗaya, kai ya ɗauki ciwo, ta ajiye. 'Yan ajinsu sun koma tun makon jiya, ana jin hayaniyarsu a kan titi.

Ta tambayi mahaifinta ko idon zai warware kafin jarrabawa.

"Ban sani ba, Mufida," ya ce.

Ya zauna kusa da ita a kan tabarma, ya kori ƙudan da ke neman sauka a kan ɗinkin.