Aron Yatsu

Ƙanwata mai kitso ce, kuma ba don 'yar'uwata ba ce, kaf layinmu babu mai hannunta. Ni kuwa ko tsaga ban iya ba. Sai ciwon gaɓoɓi ya kama ta. Da safe yatsun su kumbura su ƙage, ko murfin kwalbar mai ba ta iya buɗewa. Likita ta ce garkuwar jikinta ce ta rikice, take yaƙar gaɓoɓinta kamar ba nata ba. Haka ta rufe shago.

Da ta samu ciki sai yatsun suka saki, wallahi kamar an zare ƙaya. Ta share shago, ta wanke matajai, ta zaunar da ni tana tsokanata: "Yaya, wannan kan naki ai sheƙar tsuntsu ce."

Na raka ta awo. Likitar ta jujjuya hannun, ta ce, "Baiwar Allah, kar ki saki jiki. Ciki yana ƙara wani sinadari a jikin mace, estirojin. Shi da 'yan'uwansa ne suka lallashi garkuwar. Kina haihuwa zai sauka, ciwon yana iya dawowa."

Ƙanwata ta yi dariya kawai. A hanya ta ce mini in mace ta haifa, ba mai taɓa kan yarinyar sai ita.

Mace ce kuwa. Ba a yi nisa ba ciwon ya dawo, har ya fi na da mugunta.

Yanzu yarinyar ta tasa, gashi cunkus irin na uwar. Ni nake mata kitso, ni da ban iya ba. Uwar tana gefe, hannu a cinya. "Yaya, tsagar ta karkace. Sassauta mana, kina ja mata." Abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Jiya mun koma asibiti, har da yarinyar. Likitar ta tuna mata cewa maganin da take sha yanzu ba ya haɗuwa da ciki. Ƙanwata ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Likita, in na ajiye maganin na sake ɗaukar ciki, yatsun za su dawo?"

"Babu tabbas. In ma sun dawo, aro ne, kuma gaɓoɓin za su ƙara lalacewa."

"Na sani," in ji ta. "Kitso ɗaya zan yi wa yarinyar nan."

Na ja hannun yarinyar muka fita, don kar ta ga kukana.