Filastar Silin a Hannun Auta

Mai Silin ya daɗe yana kwaɓa filasta yana ƙawata rufin ɗakunan mutane. Don haka da 'yarsa Auta ta faɗo daga kan keke, wuyan hannunta ya kumbura, bai ga abin zuwa asibiti ba.

"Su ma ai farin garin nan suke shafawa," ya ce wa matarsa. "Ni kuwa a cikinsa nake wuni."

"Baban Auta, hannun mutum ne fa, ba kusurwar ɗaki ba."

"To, Likita, riƙe min ita," ya ce mata da gatse.

Ya tsoma tsumma a kwaɓin, ya naɗa tun daga tafin hannu har gwiwa, ya ja tamau, don a aikinsa abin da ya yi sako-sako shi ke faɗowa kan mutane. Ya goge shi sumul. Auta ta ce yana ƙona ta. Ya ce haka filasta take yi in za ta kama.

Washegari da hantsi yana kan tsani matar ta kira shi a waya. Ihun yarinyar ya fara ji kafin muryar uwar.

Da ya isa gida ya tarar yatsun sun yi suntum, sun yi sanyi, faratan sun koma shuɗi-shuɗi. Ya matsa ɗaya.

"Kin ji, 'yar Baba?"

Ta girgiza kai. Ya sungume ta suka fita.

A asibiti sai da aka sa zarto kafin abin ya buɗe, ya taho da fata. Likitar ta dube shi, ta dubi farin garin da ke gemunsa.

"Aikinka ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Malam, sabuwar karaya kumbura take yi. Shi ya sa muke shimfiɗa auduga, mu bar gefe a buɗe. Kai ka toshe wa jini hanya."

Hoto ya nuna ƙashin 'yar tsagewa kawai ya yi. Likitar ta ce Auta ta motsa yatsunta. Babban ya motsa da kyar, sauran suka ƙi.

"Za su dawo?" Uwar ce ta tambaya, ba ta ko kalli inda yake ba.

"Yanzu za mu shiga tiyata mu sassauta naman hannun. Wanda zai dawo, sai mun gani."

Aka tura gadon. Auta ta ɗago lafiyayyen hannun tana kiransa. Ya bi su da sauri har bakin ƙofar, nan nas ta tare shi ta ce ya tsaya.