Kashin Fara a Gonar Aro

Kawu Haladu mutum ne da ba ya ba ka abu sai ya tabbata ya mutu. Haka ya ara wa ɗan ƙanwarsa Nasrullahi wani fako a bakin kurmin aduwa da ke gabas da Sule Tankarkar, ƙasar da ko ƙarangiya ba ta son zama a cikinta. Nasrullahi bai da wata gonar, ga mata ga 'ya'ya, sai ya karɓa har da godiya.

Bayan kaka fara ta sauka a kurmin. Ta cinye ganyen aduwa ƙarƙaf, kashinta na zuba ƙasa kamar ana sheƙa gero. Mutane na tsine mata, Nasrullahi kuwa ya daɗe da lura cewa duk gindin itacen da kashin fara ya taru, ciyawa ta fi yin baƙi da damina, don ganyen da zai daɗe bai ruɓe ba fara ta riga ta niƙa shi. Ya ɗauki tsintsiya da mangala, ya yi rani guda yana kwasa da jaki yana barbaɗawa a fakon. Damina ta zo, geronsa ya yi zangarniya kamar damtse.

Ai kuwa sai ga Kawu da sanda.

"Kai Nasrullahi, ina son gonata baɗi."

"Haba Kawu! Na zuba taki. Ka san ba a tashin mai aro sai ya ci takinsa."

"Taki? Akuya nawa gare ka, matsiyaci?"

Magana ta kai gaban mai unguwa. Kawu ya gyara zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, takin da ake wa hukunci na dabbar mutum ne. Aduwar nan ubana ya bar ta tsaye. Fara kuwa ta Allah ce. Ganyena ta ci, a ƙasata ta kasayar. Ina nasa a ciki?"

"Bayana ne a ciki, ranka ya daɗe," in ji Nasrullahi. "Ni na share, ni na ɗauka."

Mai unguwa ya sosa gemu. Bai taɓa raba gardamar kashin fara ba, kuma shi da Kawu tabarma ɗaya suke hira. Ya ce yaro ya yi haƙuri da babba, a mayar wa mai gona gonarsa.

Nasrullahi ya tsani kawunsa a ranar, tsana ta gaske. Washegari da safe ya koro jakinsa, ya sa shebur yana kankare baƙar ƙasar saman gonar yana cika mangala.

Kawu ya biyo shi yana kumfar baki. "Ɓarawon ƙasa! Allah ya isa!"

"Abin da na kawo nake kwashewa. Ka zauna da fakonka, ka jira fara ta yi maka dako."

Ya ɗora wa jakin kaya har yana nishi, ya kora shi zuwa bakin hanya, zuciyarsa fes don ya rama. A mararraba jakin ya tsaya yana jiran a nuna masa inda za a bi. Nasrullahi ya ɗaga sanda, ya duba gabas, ya duba yamma. Gonaki ko'ina, kowacce da mai ita. Ba shi da ko taku ɗaya da zai juye mangalar.