Hoton Gonar Andrawus

Tun ranar da maciji ya sari Andrawus a gindin ɗorawar gonarsu ya mutu, matarsa Naomi ba ta ƙara sauke 'yarsu Laraba a ƙasa ba in dai a wajen gida ne. Da goyo take zuwa rafi, da goyo take zuwa coci. Mijin bai bar wani abin kirki ba, daga fartanya sai keke, sai kyamarar da ya dawo da ita daga yaƙin basasa, wadda ya koya mata riƙewa yana yi mata dariya.

Yayanta ya aiko cewa ta koma wajensa Kaduna da zarar an gama girbi. Ta yarda, amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai: yarinyar za ta tashi ba ta san ƙasar ubanta ba. Don haka ta tafi gonar, can bakin daji wajen Kakangi, ta ɗauki hotunan dutsen wurin da dawar da layin itatuwa, ta kai wa Malam Dabo mai hoto a bakin tashar Birnin Gwari ya wanke.

Ranar kasuwa ta koma. Tsohon ya baza hotunan a kan tebur.

"Baba, sun yi?"

"In faɗa miki gaskiya, 'yata, ko in lallashe ki?"

"Lallashi na sha shi wajen makoki. Faɗa mini."

"Rana kin ba ta baya, wannan daidai ne, marigayi ya koyar da ke. Amma dubi dutsen nan, kamar ana tankaɗe shi. Da yarinya a baya kika ɗauka, ko?"

Naomi ta kai hannu ta dafa goyon. "Ba na ajiye ta a daji."

"Ban ga laifinki ba. Amma in ta motsa, kin motsa, dutsen ma ya motsa." Ya ɗago wani hoton. "Sannan ido yana son wurin sauka. Nan daji, nan daji. Ga reshe yana leƙowa a gefen kowane hoto, kina yanke shi. Wace itaciya ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗorawa ce. A nan ya faɗi."

Malam Dabo ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Allah ya ba ki haƙuri. Ba zan tilasta miki ba. Amma ranar da yarinyar nan ta tambaye ki ina ne, me za ki nuna mata?"

Ta tattara hotunan ta fita ko sallama babu. Ya bi ta har bakin ƙofa, ya danƙa mata sabon fim.

Ta kwana biyu tana fushi da tsohon, tana sussukar dawa, tana ɗaure kaya. Ana jibi motar Kaduna za ta tashi, ta samu Kadijatu, Bafulatanar da ke kawo musu nono, ta roƙe ta rakiya.

Tun daga nesa suka ji ƙauri. Mafarauta sun saka wa dajin wuta. Karan dawa, ciyawa, bukkar da Andrawus yake fakewa in ana ruwa, duk sun zama toka. Ɗorawar ce kawai a tsaye, gindinta ya yi baƙi.

Naomi ta tsaya kamar an kafa ta. Ta makara.

"Kawo Laraba nan, ƙawa," in ji Kadijatu. "Yau ko ƙadangare babu a wurin nan, balle abin da kike tsoro."

A hankali ta kwance zanen. Bayanta ya yi sanyi, ya yi sakayau. Laraba ta fasa kuka tana miƙo hannu. Naomi ba ta waiwaya ba. Ta ba rana baya, ta kafa kyamarar a ƙirji, ta sa ɗorawar a tsakiya, ta ɗauke numfashi, ta danna.

Ran nan ta kai wa Malam Dabo fim ɗin, da safen tafiya ya kawo mata hoton har bakin mota. Ya fito tas, har ana iya ganin tsagar jikin dutsen.

"Wannan hoto ne," ya ce. "Waɗancan na farko ki zubar."

"A'a, Baba. Wannan ya yi kyau, amma gonar ta mutu a ciki. Waɗancan akwai dawarsa."

Ya gyaɗa kai. "Haka ne. Ni ban duba ta nan ba."

Direba ya buga oda. Naomi ta kwanto Laraba ta ɗora a cinya, ta nuna mata hoton ɗorawar, sannan ta nuna mata wanda ya girgiza.

"Nan babanki ya yi noma," ta ce. "Wannan girgizar kuwa ke ce. Kina wurin."

Yarinyar ta kama gefen hoton ta kai baki. Naomi ta zare shi a hankali, ta goge yawun da bakin zane, motar ta hau hanya.